Lamba Arba'in da Ɗaya

Duk ranar Alhamis da sassafe nake buga jaridar 'yar ƙanwata. Na ce jarida ne don kada ta ji haushi, amma takarda ɗaya ce tal, gaba da baya, da manyan baƙaƙe saboda masu raunin ido. Kwafi tamanin muke fitarwa. Shekara uku ke nan muna wannan wahala, ni da ita da injin fotokofina, kuma a cikinmu ukun injin ne kaɗai ake saurara idan ya yi ƙorafi. Da zarar ya ɗauki zafi sai ya riƙa tofo takardu a nannaɗe, dole a kashe shi a yi masa fifita.

Shagona yana bakin titi, daidai inda kwalta ta ƙare hanya ta gangara cikin unguwa. Ni da iyalina muna ɗakuna biyu na bayan shagon. Unguwar kuwa ba ta cikin taswirar kowa. Gidaje ne na bulo da langa-langa da suka bi gefen babbar kwata, wadda ke kwaso ƙazantar gari gaba ɗaya ta wuce da ita ta ƙofar mutane. A can ƙanwata take zaune, a ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, tana wanki da guga. Mijinta direban tifa ne, ya rasu yarinyar tana aji huɗu. Da buroshi da sabulu da dutsen guga na gawayi ta kai 'yar nan har makarantar koyon aikin jarida. Duk wanda ya ga hannuwanta ba sai an ba shi labari ba.

Da yarinyar ta gama, wani gidan rediyo na cikin gari ya ɗauke ta. Mun yi murna kamar an ba mu kujerar gwamna. Shekara biyu ta yi tana karanta gaishe-gaishe da tallan maganin basir. Wata rana famfon unguwa ya ƙafe har sati uku, ta naɗo muryoyin mata ta kai wa editanta. Ya saurari rabin minti, ya miƙa mata abinta ya ce masu ba su talla ba a bakin kwata suke zaune ba. Ba ta yi rigima ba. Ƙarshen wata ta ajiye musu katinsu ta dawo shagona, ta zauna gaban tsohuwar kwamfutata.

Na ce, "Ke 'yar nan, aikin albashi kika bari?"

Ta ce, "Kawu, can masu rediyo suna da mai ba su labari. Nan fa?"

"Nan ai kowa rediyo ne."

"Shi ya sa," in ji ta.

Tun daga lokacin, da rana tana buga wa ɗalibai takardunsu a shagona, da shi take ci, da safe kuma tana yawo da ƙaramin littafi da waya mai fasasshen gilashi. Kowa Jarida yake kiranta, har uwarta idan ranta ya ɓaci. Takardar tata tana liƙa ta a wuri huɗu: jikin famfo, bakin tashar bas, ƙofar kemis, da bangon shagona. Da yake yawancin mutanenmu ba sa karatu, ita ce mai rubutu kuma ita ce mai karantawa. Sai ta hau kan dakalin famfo lokacin da layin jarka ya yi tsawo, ta ɗaga murya ta karanta musu daga sama har ƙasa.

Ba wani labarin duniya take ba su ba. Ranar da masu allurar yara za su zo. Cewa takardar haihuwa kyauta ce, duk wanda ya ce a ba shi na goro a tambayi sunansa. Ranar da za a ɗauke ruwa, don a cika randa tun da wuri. Makarantar da ke da gurbin aji ɗaya. Abubuwa ne ƙanana, amma na ga mace ta tafi asibiti da takardar a ƙulle a bakin zani, ta buɗe wa ma'aikaci ta ce ga shi nan a rubuce, kuma ya yi mata aikinta.

Ƙa'idarta ɗaya ce, kuma da ita ta ishi kowa. Ba ta sa magana a takarda sai ta gani da idonta, ko ta ji daga baki biyu da ba su haɗa hanya ba. Ka ce mata an ƙara kuɗin mota, sai ta karkata kai ta ce, "Wa ya faɗa? Ka gani da idonka?" Har uwarta ba ta tsira ba. Ƙanwata ta taɓa ce mata hadari ya taso a kwashe shanya, yarinyar nan sai da ta leƙa waje. Muna yi mata dariya, amma saboda wannan halin ne idan aka ce Jarida ta faɗa, magana ta ƙare.

Sau ɗaya ta karya ƙa'idar nan, kuma ni na sa ta. Zan faɗa tun yanzu don kada a ce na ɓoye.

Wata Asabar wasu mutane uku suka zo da mota da gwangwanin jan fenti. Suka bi gidajen da ke bakin kwata ɗaya bayan ɗaya suna rubuta lamba a bango, daga ɗaya har sittin da uku. Jarida ta bi su tana ɗaukar hoto tana tambaya. Ɗayansu ya ce umarni ne daga sama, sauran biyun ko kallonta ba su yi ba. Litinin ta tafi ofishin masu tsara gari, aka ce injiniya ba ta nan. Talata aka ce tana taro. Laraba aka ce ta fita duba aiki. Masinjan ofishin ne ya ji tausayinta, ya ja ta gefe ya ce, "Duk gidan da kika ga jan lamba, rushe shi za a yi. Za a faɗaɗa kwatar."

Da la'asar ta dawo shago ƙafafunta duk ƙura, ta zauna ta zuba wa kwamfuta ido. A waje kuwa mutane sun fi goma suna jiran su ji me ta samo.

Ta ce, "Baki ɗaya ne, Kawu. Masinja ne kawai."

Na ce, "Masinja ba mutum ba ne? Wa ya fi shi sanin fayil? Shi yake ɗauka."

"Ɗauka yake yi, ba karantawa ba."

"Ke 'yar nan, mutane kwana huɗu ba su runtsa ba. Idan gobe kika hau dakalin nan kika ce musu ba ki sani ba, to amfanin takardarki me? Buga kawai."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta jawo allon rubutu ta buga: gidajen da ke da jan lamba za a rushe su. Washegari ta karanta a famfo.

Abin da ta faɗa ba ƙarya ba ne. Sai dai mu a nan mun daɗe da sanin maganin alamar hukuma. Masu wuta su zana alli a bango, a goge. Masu haraji su liƙa takarda, a ɓamɓare. Wanda zai biyo baya da tsani ko da sanda ya zo ya rasa gidan da aka nuna masa, ya gaji da zagaye, ya tafi. Shekara talatin wannan dabara tana yi mana aiki, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Saboda haka kafin sati ya zagayo babu jan lamba ko ɗaya a bakin kwata. Masu hali suka shafe da siminti, wasu suka shafa farar ƙasa, wasu suka kankare da wuƙa. Ƙanwata kuwa, da yake cire tabo sana'arta ce, ta ɗauko buroshinta da kananzir da sabulu, kwana biyu tana dirza har bulo ya fito fes. Jarida ba ta ce kowa ya goge ba. Amma ta gani, kuma ba ta hana ba. Ni har yaba wa mutane na yi.

Sai bayan kwana goma sha uku ta samu ganin injiniyar. Laraba ce. Ta shigo shago ta wuce ni ba sallama, ta zauna a kan kwalin takardu, abin da nake hana kowa.

Na ce, "Lafiya?"

Ta ce, "Kawu, mun kashe mutane."

Da ƙyar na tattara maganar daga bakinta. Injiniyar ta ce duk gidajen bakin kwata za su tafi, da lamba ko ba lamba. Lambar ba ta mai rusau ba ce, shi layin kwata zai bi. Lambar ta mai gida ce. An gina ɗakuna a wata sabuwar unguwa a bayan gari, kuma ranar Litinin masu tantancewa za su zo, su duba lamba a bango, su duba rajistarsu, su ɗauki hoton mai gida a tsaye kusa da lambarsa, su ba shi katin ɗaki. Rajistar babu suna ko ɗaya a cikinta, lambobi ne zalla. Wanda ba shi da lamba ba shi da kati. Da Jarida ta gaya mata an goge, matar ta cire tabarau ta dafe goshi. A ƙarshe ta yarda a sake rubutawa, amma sai da hujja: ko dai ragowar fentin ya nuna, ko a kawo hoto. Ta kuma ce idan gida biyu suka yi da'awar lamba ɗaya, duka biyun za a soke.

Washegari, karo na farko a rayuwata, na rufe shago da safe na bi ta famfo. Ta hau dakalin da takarda a hannunta. Ba ta karanta ba, da ka ta yi magana.

"Iyayena, sati biyu da suka wuce na faɗa muku rabin magana. Na ji daga baki ɗaya, ban jira na biyu ba. Lambar da kuka goge ita ce katin ɗakinku."

Wuri ya yi tsit, ban da ƙarar ruwa a cikin jarka. Sannan ya ɓarke. Wata mai sayar da gawayi, mai 'ya'ya shida, ta ture bokitinta ta matso har gaban dakalin.

"Ke kika ce rushewa za a yi!"

"Ni na ce."

"Da bakinki, a nan wurin!"

"Da bakina, Gwaggo. Ba wanda ya yi laifin sai ni."

Ina tsaye a baya ina jira ta ce kawuna ne ya matsa mini. Ba ta faɗa ba, ni ma ban ɗaga hannu ba. Har yau idan na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Aka zage ta, aka zagi makarantar da ta yi, wani ya yage takardar jikin famfo. Uwarta na cikin layi da tulin wanki a kai. Jarida ta bari suka gaji don kansu, sannan ta ce, "Saura kwana huɗu. Duk mai cokali ko reza ya ɗauko, mu fara daga gida na ɗaya."

Kwana huɗun nan ban taɓa ganin wahala irin tasu ba. Waɗanda suka shafa farar ƙasa su suka fi sa'a, ana watsa ruwa sai jan ya leƙo. Masu siminti kuwa sai da kurfi da guduma, a hankali, kada lambar ta biyo ɓawon. Waɗanda suka kankare sai dai hoto. Hoto goma sha tara Jarida ta ɗauka ranar da masu fenti suka zo, na zuba su a kwamfuta ina faɗaɗawa ina bugawa, injin yana zafi muna yi masa fifita. Tunanin mutane kuma ba abin dogaro ba ne. Wani tela ya rantse da kabarin ubansa lambarsa saba'in ce, alhali a sittin da uku aka tsaya. Masu fentin ma ba su bi layi sosai ba, sun tsallake lungu sun dawo, don haka ƙirge ba ya fisshe ka. Mutum zai kama hannun Jarida ya ce, "Rubuta mini ashirin da shida, wallahi ita ce." Sai ta ce, "Wa ya gani bayan kai?" A wannan karon ba wanda ya yi dariya.

Zuwa safiyar Lahadi an gano hamsin da biyar. A cikin waɗanda suka rage akwai arba'in da ɗaya.

Ginin da ƙanwata take ciki rufi ɗaya ne, ƙofa biyu. An raba shi da bango tun kafin ta tare. Ɗaya ƙofar ta wani tsoho ce mai gyaran laima, da muke kira Baba Mai Laima. Matarsa ta rasu, ɗansa ɗaya ya tafi neman kuɗi shekara tara ba labari, idanunsa kuma sun yi hazo har sai ya kai allura bakin hanci yake ganin kafarta. Gidan hagu arba'in ne, na dama arba'in da biyu. Ashe masu fenti rufi suka ƙirga, ba ƙofa ba. Lamba ɗaya, iyali biyu. Ba mu damu ba da farko, don kowa ya ga ƙanwata tana dirzar bangon, kowa ya ɗauka tata ce. Baba kuwa bai ma san an taɓa rubuta wani abu ba. Hujja kawai muke nema, tunda buroshin ƙanwata bai bar ko ɗigo ba.

Ni na samo hujjar. A gefen wani hoto da Jarida ta ɗauka na gida talatin da tara, can ƙurya, ginin ya fito. Na faɗaɗa, na sake faɗaɗawa. Ga arba'in da ɗaya nan ɓaro-ɓaro. Sai dai ba a tsakiyar bango take ba. Tana manne da ƙofar Baba, har jelar ɗayan ta hau kan katakon ƙofarsa. Ƙofar ƙanwata tana can nesa, taku huɗu.

Mu biyu ne a shagon, ni da Jarida. Na tashi na saya ƙofa.

Na ce, "Kin ga nan? Idan na yanke hoton daga nan, ƙofarsa ta fita. Sai lamba da bango. Bango kuwa na kowa ne."

Ta zuba wa hoton ido, ni kuma na ci gaba.

"Tsohon nan bai san da ita ba. Ba wanda ya sani. Duk unguwa za su shaida ta uwarki ce."

"Shi kuma ya tafi ina, Kawu?"

"Allah ba zai hana shi wurin kwana ba."

"Inna tana da kai. Shi wa yake da shi?"

Raina ya ɓaci, na buga tebur. "Uwarki ce fa! Matar nan fatar hannunta ta ƙare a kan karatunki. Shekara ashirin da biyu tana shaƙar warin kwatar nan, yau an ce ga ɗaki mai famfo, ke za ki hana ta?"

Hawaye na zuba a fuskarta, ba ta share ba. Ta ce, "Sau ɗaya na ɗauki shawararka a kan takardar nan, Kawu. Buga shi duka."

Na buga shi duka, ya fito a nannaɗe, ta miƙe shi a kan cinyarta.

Na raka ta gida da la'asar, don na san ba abin da za a bar mutum ya yi shi kaɗai ba ne. Ƙanwata tana rumfa tana guga, tana hura gawayin dutsen. Jarida ta durƙusa ta miƙa mata hoton. Ƙanwata ba ta iya karatu ba, amma ta san ƙofarta, ta san ta maƙwabcinta. Ta daɗe tana dubawa.

Ta ce, "Ni na goge ta. Da hannun nan. Kwana biyu ina dirza, har yatsana ya fashe. Ya za a ce ba tawa ba ce?"

"Baba kika goge wa, Inna."

"To ai shi ba ya gani, wa zai goge masa?" Ta juyo gare ni. "Yaya, kai ma kana tsaye?"

Na sunkuyar da kai.

"Wa ya ga hoton nan bayan ku?"

"Ba kowa," in ji Jarida.

"Kuma gobe za ki nuna."

"Zan nuna, Inna. Zan kuma roƙe su su ba da kati biyu."

Ƙanwata ta miƙa mata hoton, ta ɗauki dutsen guga ta ci gaba da rigar da take kai. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da ta yi faɗan ma da ya fi mana sauƙi.

Litinin da sassafe Jarida da kanta ta rubuta arba'in da ɗaya a inda take tun farko, jelar ɗayan a kan katako. Aka fito da Baba Mai Laima aka tsayar da shi, yana ta tambaya me ya yi. Da aka sa masa katin a hannu ya kai shi bakin hanci, ya juya shi, ya ce, "Wannan na mene ne, 'yata?" Ta gaya masa. Ya zauna a ƙasa a wurin. Ta bi masu tantancewa har bakin motarsu tana bayanin rufi ɗaya ƙofa biyu. Babbansu ya ce shi lamba aka ba shi, ba ƙofa ba, ta rubuta ƙorafi ta kai ofis. Gida hamsin da shida suka sami kati. Bakwai ba a gano lambarsu ba, ga kuma ƙanwata, ta takwas.

Bayan sati shida katafila ta zo. Ban je kallo ba. Na kwashe kwalayen ɗakin ajiyata na ba ƙanwata da 'yarta wurin, ɗaki ne da idan ka miƙe ƙafa sai ta taɓa bango. Teburin gugarta yana lungun da ke tsakanin shagon da gidana, inda hayaƙin gawayi ke shigo mini yana sa injin tari. Ban taɓa yi mata magana a kai ba, da wane bakin?

Jarida ba ta daina ba, ko da yake ban ce tana yi da ƙarfin da ba. Ta rame, muryarta ta dushe. Yanzu kwafi arba'in na nan, arba'in na sabuwar unguwa, bas biyu ake hawa kafin a kai. Can ma ga matsalolinsu: makaranta ta yi nisa, kemis babu, famfon da aka yi alkawari sau biyu yake zuwa a sati. Wasu har yau idan ta hau dakali sai su ce, "Wannan baki nawa ne?" Sai ta faɗa musu, da sunan ofis da ranar da ta je. Mai gawayin nan da ta ture bokiti ita ce yanzu take ajiye mata gam da tsintsiyar shafawa.

A ƙasan shafi na biyu akwai wani ɗan akwati da ba ya canzawa. Ta sa masa suna Waɗanda Ba Su Samu Ba. A ciki ta jera gidajen nan takwas, kowa da sana'arsa, da adadin makonnin da ƙorafinsu ya yi a ofis. Duk Talata tana can a kan benci tana jiran injiniya. Yanzu saura shida: ɗaya an ba shi, ɗaya ya rasu. Ba na sake buga akwatin, lambar mako kawai nake canzawa. Wannan satin arba'in da huɗu na sa.

Ita da uwarta suna magana, amma maganar gishiri da sabulu ce. An dafa, ga naki. Rufe ƙofa. Wata goma ke nan ban ji ƙanwata ta kira ta Jarida ba, ko cikin fushi.

Alhamis ɗin da ta wuce yarinyar ta fita sayo gam, ta bar ni da takardu tamanin da injin ya tofo a nannaɗe kamar tabarma. Ina ta fama ina danne su da littafi, sai ga ƙanwata ta leƙo daga lungu, abin da ba ta saba ba. Ta ɗauki ɗaya ta juya shafi na biyu.

"Yaya, an ce ina cikin nan."

"Kina ciki."

"Nuna mini."

Na sa yatsa a layin ƙarshe na akwatin. Na karanta mata: mai wanki da guga, ƙofa ta biyu a gida arba'in da ɗaya, mako arba'in da huɗu.

"Duk sati take sawa?"

"Ba ta taɓa tsallakewa ba."

Ta bi layukan da yatsanta mai tabon gawayi, daga sama zuwa ƙasa, tana ƙirgawa a hankali har shida.

Ta ce, "Nan ma a ƙarshe ta sa ni."

Sai ta tattara takardun duka ta rungume su ta koma lungu. Na bi ta da sauri, don na ɗauka murhu za su. Na same ta ta shimfiɗa tsohon zani a kan tebur, ta ɗora takarda ɗaya, ta rufe da wani ƙyalle, tana gwada zafin dutsen da yawu a yatsa.

Ta ce, "A haka za ta liƙa su, duk a murɗe? Wa zai iya karantawa? Miƙo mini ta gaba."